Ruwan Raken Dubiya

A lungunmu na Marina, idan idon mutum ya yi rawaya, ba a jiran likita ya faɗi abin da za a yi. Kowa ya sani. Za ki wanke kwanon silba, ki je bakin titi wajen Chacha Fazal ya matsa miki rake, ya fasa ƙanƙara ya jefa a ciki, ki rufe da gefen mayafi ki tafi dubiya. Ba a kuma miƙa wa marar lafiya kwano a koma gefe ana kallonsa kamar abin ƙyama. Mai dubiya ce za ta fara kurɓa, mutanen gida su kurɓa, sannan shi. Haka muka taso muka tarar a garinmu Khanewal, haka aka yi wa kakanninmu, waɗanda suka rayu a cikinsu kuma duk sun shaida cewa maganin yana aiki.

Bazarar da nake ɗauke da cikina na biyu, ciwon shawara ya fara da Arshad tela na gefen masallaci. Lungu ya fito dubiya kwansa da kwarkwatarsa. Bayan 'yan makonni masu dubiyar suka kwanta, aka fito dubiyarsu su ma. Chacha Fazal ya daina zuwa gida cin abincin rana, ƙarar injinsa tun hantsi har magariba.

Ranar da na je awo, Dakta Humaira ta ja fatar idona ƙasa ta duba da kyau kafin ta taɓa cikin.

"Tabassum, ke ma a Marina kike?"

Na ce eh.

"To buɗe kunnenki. Wannan ciwon ta baki yake shiga. Bayan gidan mai ciwon ya taɓa ruwa, ruwan ya shiga cikin wani. Ba sauro ba ne, ba iska ba ce. Yaro yakan yi shi ya miƙe. Namiji ya kwanta ya rame ya tashi. Mai ciki kuwa, yana iya tafiya da ita da abin da ke cikinta. Duk abin da bai tafasa ba, kada ya wuce maƙogwaronki."

Na riƙe gefen gadon awo. Na tambaye ta 'yata Zunaira fa, wadda ba ta jima da cika shekara uku ba.

"Ita ma haka. In ta ɗauka, ke ce mai wanke ta, kin ga ya zo hannunki ke nan." Ta naɗe abin awon jini. "Kuma ba ya nuna kansa da wuri. Wanda ya sha yau sai ya yi wata ko fiye yana yawonsa garau. In kin ga mutane da yawa sun kwanta a wuri ɗaya, abu ɗaya ne ya haɗa su. Ke da kike cikinsu ki lura min: me waɗanda suka kwanta suka sha, wanda waɗanda ke tsaye ba su sha ba?"

Na dawo gida na tarar da Ammi, mahaifiyar mijina, zaune a kan gadon igiya a tsakar gida, kwanon silba yana zufa a gabanta.

"Zo, puttar, zo 'yata ki sha tun da sanyinsa. Riga-kafi ne."

"Ammi, likita ta ce kada in sha abin da bai tafasa ba."

"Wace likita? Wannan 'yar siririyar mai tabarau? Ta taɓa haihuwa ne?"

"Ban tambaye ta ba."

"To ni na haihu, kuma a kan ruwan rake na haihu. Shafqat, kana jin matarka?"

Mijina Shafqat, baban Zunaira, yana durƙushe yana kwance wata fanka da aka kawo masa gyara. Ya ɗago ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya ce mu biyun duk muna da gaskiya. Daga nan ya tuna akwai wayar da zai sayo a kasuwa.

Tun daga ranar na kafa tukunya. Ruwan sha a tafasa, ruwan wanke kofi a tafasa, sabulu a bakin famfo da wani a ƙofar banɗaki. Ammi ta ce na mai da gidan ɗanta asibiti, saura in sa mata lamba a goshi. Na dai roƙe ta abu ɗaya, kada a ba Zunaira komai daga waje. Ta ce ta ji.

Tambayar likita kuwa ta ƙi barina. Da yamma idan zafi ya kore mu saman soro, mata kan jingina da katanga ana lissafa wa ya kwanta, wa ya tashi. Ina saurare. Famfo ɗaya muke sha duka lungun, to in famfon ne, me ya sa wasu gidajen ya shiga ya share, wasu ya ɗauki mutum biyu ya bar ɗaya? A gidan Haji Mumtaz kowa ya kwanta sai shi. A gidan Khala Zubaida, mijinta da 'ya'yanta da surukarta duk sun yi rawaya, ita ce ke jinyarsu. Liman ma, da yake shiga kowane gida yana tofa addu'a, ko ciwon kai bai yi ba. Sai na tuna abin da ya haɗa su ukun: ciwon suga. An hana su zaƙi. Idan kwano ya zagayo kansu, sukan ɗaga hannu su ce Allah ya ba da lada, ya wuce.

Na faɗa wa matan soro, a hankali, don kada a ce na yi wa wani ƙazafi.

Baji Parwin, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya, ta dafa ƙirji. "Ikon Allah. Wallahi Tabassum kin yi kai. Ashe ciwon suga yana kare mutum daga shawara."

"Baji, ba haka nake nufi ba. Su ba sa shan..."

Ina! Magana ta riga ta tsallaka katanga uku. Washegari aka ce mijin Baji Parwin ya ninka sukarin shayinsa.

Ana haka kansilanmu, Malik Sarfaraz, ya ji labari. Zaɓe ya matso, ciwon kuma ya ci gidajen da ke da ƙuri'a da yawa. Ya tara maza a zaurensa, aka kafa kwamitin yaƙi da annoba, aka naɗa shi shugaba, ƙanensa mataimaki. Aikin farko da kwamiti ya yi shi ne buga ƙyalle mai faɗin layi, hoton Malik sahib, kamar yadda ake kiransa don girmamawa, a tsakiya yana nuna yatsa, sunan ciwon can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Aka kawo injin feshin sauro ya turnuƙe lungu da hayaƙi har kaji suka daina ƙwai. Aka bi gefen kwata da farar ƙasa, layi biyu a miƙe, ƙazantar tana gudana a tsakiyarsu kamar an yi mata ado. Mutane suka ce yanzu dai an ga aiki.

Sai ranar Alhamis lasifikar masallaci ta sanar da babban mataki. Tun da talaka ba kullum yake iya sayen magani ba, Malik sahib ya ɗauki nauyin kafa sabil a bakin lungu: ruwan rake mai ƙanƙara kyauta, ga mai ciwo da mai lafiya, daga Juma'a har sai annoba ta kau.

Sabil kuwa ba abin wasa ba ne a wurinmu. Rumfa ce ta shayarwa saboda Allah, kuma ba a ƙin abin da aka miƙo daga cikinta. Ko maƙiyinka ne ya kafa, za ka sha ka yi masa addu'a, ka ci gaba da gabarka daga baya.

Bayan an sauko daga Juma'a na fita sayo sabulu. Ina dawowa na hango taro a bakin lungu. An ɗaure rumfa da furanni, an jawo injin Chacha Fazal ƙarƙashinta, ga dutsen ƙanƙara an lulluɓe da buhu, ga bokiti guda da ake tsoma kowane kofi a fitar. A gaban rumfar Ammi ce tsaye, Zunaira a kafaɗarta da rigar sallarta. Mai hoto ya durƙusa. Malik sahib ya sunkuyo da kofi yana murmushi, rabin murmushin na yarinya, rabi na mai hoto.

Ban san lokacin da na ratsa mutane da wannan cikin ba. Na sa hannu na rufe bakin kofin.

"Malik sahib, ku yi haƙuri, ba za ta sha ba."

Kowa ya juyo yana kallona, injin yana ta ƙara.

"'Yata, sabil ne fa."

"Na sani. Allah ya ba ku lada. Ƙanƙarar nan daga ina take?"

Ya dubi ƙanensa. Ƙanen ya ce, "Daga inda ƙanƙara take zuwa mana."

Chacha Fazal ya kashe injin ya goge hannu a zanensa. Dattijo ne da bai taɓa tauye wa kowa mudu ba, kuma na ga maganar ta soke shi. "Matar Shafqat, mijinki yana rarrafe na fara matsa masa rake. Yau rakena ne ya zama guba?"

"Chacha, ban ce rakenka ba. Na ce ƙanƙarar, da ruwan bokitin can. Duk wanda ya kwanta a lungun nan ya sha, waɗanda ba sa sha kuma suna tsaye."

"To ai don sun kwanta ne suka sha," in ji wani daga baya. Aka yi dariya, har da tafi.

Malik sahib ya miƙe ya gyara rigarsa. Ya ce mace mai ciki ba a kama ta da laifi, zafi ne. Ya ɗaga kofin ya shanye da kansa, mai hoto ya ɗauka.

Muna shiga gida Ammi ta tura ƙofa ta juyo kaina.

"Kin kyauta. A gaban duk unguwa kin ƙi sabil. Gobe in na mutu wa zai zo wankana?"

"Ammi, na roƙe ki kada a ba ta."

"To in gaya miki, ba yau za ta fara ba. Duk ranar da kika tafi awo sai na ba ta rabin kofi. Ga ta nan garau, me ya same ta?"

Na dubi Zunaira tana fama da maɓallin rigarta. Na tuna ranar awona ta ƙarshe, na tuna abin da likita ta ce game da wata guda. Na ajiye sabulun a bakin famfo, na ɗauki mayafi na tari riksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa asibiti.

Dakta Humaira ta saurare ni har ƙarshe. A makon suka zo lungun ita da wasu ma'aikatan lafiya, suna bi gida-gida suna tambaya. Da farko ba su samu komai ba. Duk wanda aka tambaya me ya sha a waje sai ya rantse bai sha komai ba, kuma ba ƙarya suke yi ba, don a wurinsu ruwan rake ba ya cikin abin sha, magani ne. Sai da likita ta koma tambayar wane magani aka sha, nan kowa ya saki baki, har da masu alfahari da kofi uku a rana. Suka ɗebi ruwan famfo, suka ɗebi na bokiti, suka yanki ƙanƙara suka tafi da ita. Famfonmu ya fita lafiya. Ƙanƙarar kuwa aka bi sawunta har wani shago a bayan kasuwar hatsi, inda bututun ruwansu ya tsage a cikin kwata. Aka rufe shagon, aka kwance rumfar sabil. Chacha Fazal aka ce ya ci gaba da sana'arsa, amma ba ƙanƙara, kofi kuma a wanke da tafasasshen ruwa. A wannan zafin, wa zai sayi ruwan rake mai ɗumi? Ya koma zama a kan benci yana korar ƙuda.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe sabil ya yi kwanaki yana shayar da unguwa kafin a kwance shi, kuma abin da aka shuka a lokacin bai tsiro ba tukuna. Bayan 'yan makonni ciwon ya tashi gaba ɗaya, fiye da na farko. Har mai hoto ya kwanta, har Malik sahib. Likita ta riga ta faɗa cewa haka za a yi, cewa masu kwanciya yanzu tun kafin rufewa suka ɗauka. Lungu bai ga haka ba. Abin da lungu ya gani shi ne an hana magani, ciwo ya ƙaru. Kwamiti ya fitar da sanarwa daga gefen gadon shugabansa cewa wasu marasa kishin unguwa sun yi wa shirin zagon ƙasa. Ba a ambaci suna ba. Baji Parwin dai ta daina miƙo kwanon miya ta katanga, in na hau soro kuma sai hira ta koma kan tsadar tumatir.

Kowace safiya kafin in ɗora shayi sai na kai Zunaira bakin taga na ja fatar idonta. Wata safiya ta ture gurasar roti ta ce cikinta. Ta yi amai. Fitsarinta ya koma kamar shayin da ba madara. Kwana biyu bayan nan na ja fatar idon na ga abin da nake gudu.

Dakta Humaira ta duba ta ta ce, "Ita za ta warware in sha Allahu. Hutu, ruwa mai tsabta, abin da ranta ya so ta ci. Ke ce abin ji. Kada ki wanke mata bayan gida, kada ki ci ragowarta. A sami wani ya yi."

Na faɗa a gida, ina kallon ƙasa. Baban Zunaira ya buɗe baki, Ammi ta riga shi.

"Ni na mutu ne?"

Ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Ta kwashe shimfiɗar yarinyar ta kai ɗakinta. Duk lokacin da ta fito da ita daga banɗaki sai ta tsaya a bakin famfo ta murza sabulu har gwiwar hannu, ta miƙo mini tafukan. "Ga su nan, Dakta Tabassum, a duba ko na ci jarrabawa." Ina dubawa kuwa.

Sai dubiya ta fara. Fushi daban, dubiya daban; ko ba a magana da ke, in ciwo ya shiga gidanki za a zo. Baji Parwin ce ta fara ƙwanƙwasa ƙofa, kwanon silba a hannu yana zufa. Tun daga unguwar tasha ta sayo shi, inda har yanzu ake jefa ƙanƙarar da ba wanda ya san asalinta. Ta tako a rana saboda 'yata.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon kwanon. In na karɓa, za a kurɓa a zagaya, ya zo kan Zunaira, ya zo kaina. In na mayar, na yanke abin da ya rage tsakanina da lungun, ga haihuwa ta matso, kuma waɗannan matan ne za su riƙe min gida ranar da naƙuda ta zo.

Na karɓa da hannu biyu. "Sannu da rana, Baji. Shigo ki zauna, bari in juye."

Na wuce da shi madafa kai tsaye, na juye a tukunya, na ƙara wuta. Da ya tafasa na kwashe kumfar, na wanke shinkafa na zuba, na bar shi yana ta daddaɓewa har ya yi kauri ya koma ruwan zuma. Khir ɗin rake ke nan, wanda kakata kan yi da sanyi. Ban taɓa ganin an yi shi a tsakiyar bazara ba. Na wanke kwanon Baji da ruwan zafi, na cika shi, na fito.

Ta leƙa ciki ta yamutsa fuska. "Wannan fa? Ni ruwan rake na kawo, in sha tare da marar lafiya."

Ammi ce ta gyara zama a kan gadon igiya, ta dubi Baji Parwin sama da ƙasa.

"Parwin, ba ki da labari? A Lahore yanzu manyan gidaje ba sa shan shi ɗanye. Wannan ai sai mutanen ƙauye. 'Yar ƙanwata da ke auren ma'aikacin banki ta ce ko a bakin ƙofa ba sa bari a shigo da shi."

Ammi ba ta da 'yar ƙanwa a Lahore. Baji Parwin ta ɗauki cokali.

"Ai na ji ana faɗa," in ji ta. "Mantawa na yi."

Kafin mako ya zagayo, ba mai fita dubiya a Marina da ɗanyen ruwan rake. Kowace mace da tukunyarta, ana gasar wa ta fi zuba kwakwa. Chacha Fazal ya tashi daga benci ya kunna injinsa, don khir ba ya son ƙanƙara. Matar Malik sahib ta aika a faɗa a soro cewa su a gidansu tun asali haka suke yi.

Ni dai a ranar, bayan Baji ta tafi, na ɗebi kaɗan a ƙaramin kwano na hura ya huce, na miƙa wa Ammi daga bakin ƙofar ɗakinta. Zunaira ta kwana uku ba ta karɓi komai ba sai ruwa. Ta kalli cokalin ta kau da kai. Ammi ta lallaɓa ta, ta lasa. Ta juya shi a baki, sannan ta buɗe baki da kanta.

Idon Zunaira ya washe kafin damina ta sauka. Nawa bai taɓa canzawa ba. Ranar da naƙuda ta kama ni, Baji Parwin ce ta goya Zunaira, Khala Zubaida ta tsayar da riksha. Na haifi namiji. Da aka kawo shi gida mata suka cika tsakar gida kowa na son ɗauka, Ammi ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafa ta tare hanya, ta nuna musu famfo da haɓa.